Kitso Da Kwarkwata: Fentin Da Ake Yi Wa Injin Tsohuwar Mota A Mubi

Tsohuwar mota ba ta saurin mutuwa a Mubi. Garin yana gindin duwatsun Mandara ne, dab da iyakar Kamaru, kuma daga kasuwar shanunsa ake lodin dabbobi zuwa Ikko da sauran garuruwan Kurmi. Hanyoyin ƙauyukan da ke kewaye hawa ne da gangara, shi ya sa har yanzu tsofaffin a-kori-kura na Peugeot da Land Rover suke da sauran aiki wajen jigilar hatsi da mutane ranar kasuwa.

'Yan Arewa da yawa mazauna Agege ko Sabon Badun sukan tara 'yan kuɗinsu su aika gida, domin a saya wa ƙane irin wannan mota a tada ta ya riƙa haya. Sau da yawa idan an buɗe bonet sai a tarar an feshe injin da fenti ruwan azurfa daga sama har ƙasa, yana ta ƙyalli. Mai saye sai ya ce lalle mota ta sha gyara. To, a nan ne fa ya kamata ya yi hattara, domin ba haka injin ya fito daga masana'anta ba.

ASALIN MOTAR

A 1968 aka fara ƙera Peugeot 504 a Faransa. A 1975 masana'antar Peugeot ta Kaduna ta soma harhaɗa ta, ba ta kuwa daina ba sai a 2006. Watau ke nan, mafi ƙuruciya daga cikinsu ta kai kimanin shekara 20, wasu kuwa sun doshi 50. Injin fetur da aka fi sani da ita mai silinda 4 ne, an kwantar da shi a ɗan karkace. Bulok ɗinsa ƙarfen zubi ne, kansa kuwa, watau top silinda, na alminiyon ne. Kowane sashe da irin rigar da masana'anta ta sa masa, wani ma tsirara ta bar shi, kuma duk da dalili.

YADDA AKE YI A AMURKA

A Amurka akwai masu sha'awar tada motocin nan masu jibgegen injin mai silinda 8, irin su Pontiac GTO da Ford Mustang waɗanda suka fito a 1964, da Dodge Charger ta 1966. Tsadar mai ta 1973 tana cikin abubuwan da suka durƙusar da kasuwarsu, amma yanzu sun zama dukiya. Can kowane kamfani da launin injinsa: Chevrolet ruwan lemo, Ford kuwa shuɗi tun daga 1966. A wuraren nunin motoci alƙalai sukan bi injin noti-noti, su rage maki in sun ga an shafa wa kafireta fenti, ko an goge wani ƙarfe ya fi yadda ya fito ƙyalli. Wasu masu gyara har yayyafin fentin da ya fantsama kan bakin salansa a masana'anta sukan mayar, da alamun alli da ma'aikata suka bari. Motar da aka yi wa kwalliya fiye da kima darajarta sauka take yi.

Direban Mubi ba ya neman kofi a wurin nuni, abincin iyalinsa yake nema. Amma ka'idar ɗaya ce, a wurinsa ma ta fi nauyi.

KOWANE SASHE DA DALILINSA

Bulok shi ne ke buƙatar fenti, don ƙarfen zubi yana tsatsa, kuma fenti mai jure zafi ake sa masa bayan an wanke shi tas. Top silinda ba ya jan tsatsa irin ta ƙarfe, ba ya bukatar komai. Idan yana tsirara, da zarar gaskit ya fara ba da ruwa ko baƙin mai, bakanike zai ga sawun ɗigon tun abin bai yi nisa ba. Fenti kuwa sai ya rufe sawun, har ranar da ruwa zai gauraya da mai a tsakiyar hawa.

Bakin salansa, inda hayaƙi ke fitowa daga injin, zafinsa ya fi ƙarfin fentin kanti. Kwana kaɗan sai ya ƙone ya ɓare. Lagireto baƙin fenti ake yi masa siriri ƙwarai, domin mai kauri yana cike 'yan ƙofofin da iska ke bi, motar ta riƙa tafasa, balle a zafin bazara da kaya niƙi-niƙi. Kafireta ba a taɓa ta da fenti, don yana iya liƙe 'yan sandunan totur da ƙananan hudojin iska. Notuna da ƙananan ƙarafa da yawa rufin tutiya aka yi musu don hana tsatsa, shi ya sa suke da launin fari-fari ko rawaya-rawaya. Roba da wayoyi kuwa in aka feshe su ba a ganin tsagewarsu. Haka nan wurin da wayar batir ke kama jikin injin dole ya zama ƙarfe tsirara, in ba haka ba wuta ba za ta wuce sosai ba, kullum sai an tura.

Bugu da ƙari, akwai lambar injin da aka buga a jikin bulok. A gari na kan iyaka kamar Mubi, inda 'yan sanda da kwastan kan gwada lamba da takardu, injin da fenti ya cike lambarsa jawo wa mai shi zargi yake yi, ko da kuwa da guminsa ya saya.

ABIN DA MAI SAYE ZAI YI

Ba kowane mai feshe injin ne macuci ba, wani ganinsa ado ne. Amma injin da aka fesa ba a kwance shi ba, fenti ya hau kan datti da tsohon mai, kitso ne da kwarkwata. A ƙarƙashinsa ana iya ɓoye bulok da ya tsage aka liƙe da gam.

Saboda haka duk wanda zai aika kuɗi gida ya kafa sharaɗi uku. Na farko, a je da bakaniken da ba na mai sayarwa ba, ya tada motar ta yi zafi sosai, sa'an nan ya duba ƙarƙashinta. Na biyu, a karanta lambar injin a gwada ta da takardu kafin a biya ko sisi. Na uku, in za a sake injin, a kwance shi, a wanke, a yi wa kowane sashe fentinsa daban kafin a ɗaura, wanda masana'anta ta bari tsirara kuwa a bar shi. Aikin ya fi ɗaukar lokaci, ya kuma fi feshin rabin awa tsada, amma masu iya magana sun ce araha ba ta ado. Wanda ya yi shekaru yana tara kuɗi a Kurmi ya cancanci ya ga ainihin abin da aka saya masa.