JIRGIN DA KE ƊAUKE DA BIRNIN MUMBAI

Duk wanda ya saba kallon fim ɗin Indiya, da wuya a ce bai taɓa ganin jirgin ƙasan nan ba, wanda yakan shigo tasha ƙofofinsa a buɗe, samari suna reto a bakin ƙofa da hannu ɗaya. Waɗansu sukan zaci shiri ne kawai na masu yin fim. To, mai karatu, haka abin yake kowace safiya a birnin Mumbai, watau birnin da aka sani da Bombai har zuwa shekarar 1995. Kafin annobar korona ta 2020, mutum fiye da miliyan 7 ne suke hawan jiragen nan kowace rana, daga unguwannin bayan gari zuwa wuraren aikinsu, su kuma koma gida da yamma. Jirgin ne ya gina birnin, shi ne kuma yake ɗauke da shi har yau. Amma akwai abin da mutanen birnin suke biya wanda ba a rubuta shi a kan tikiti ba.

MAFARIN ABIN

Asalin Bombai tsibirai ne guda 7 a bakin tekun yammacin Indiya, waɗanda aka yi ta cike tsakaninsu da ƙasa da duwatsu har suka haɗe. Saboda haka birnin ya fito siriri, dogo, ruwa a gabas, ruwa a yamma. Tashar jiragen ruwa da ofisoshi da manyan kasuwanni duk suna can ƙarshen kudu. Idan jama'a suka ƙaru, ba inda za su nufa sai arewa, kuma duk wanda ya zauna a arewa tilas ne ya gangaro kudu neman abinci.

Ran 16 ga Afrilu, 1853, jirgin fasinja na farko a ƙasar Indiya ya tashi daga Bori Bunder zuwa Thane, tafiyar kimanin kilomita 34, da taragu 14 da mutum wajen 400. Wannan ya faru kusan shekara 60 kafin layin dogo ya iso Kano. Turawan Ingila da suke mulkin ƙasar a lokacin, abin da ya fi damunsu shi ne kawo auduga daga cikin ƙasa zuwa bakin teku. Da yaƙin basasa ya ɓarke a Amurka a 1861, auduga ta daina zuwa Ingila daga can, sai kasuwar Bombai ta buɗe. Masaƙu suka yawaita, 'yan ci-rani suka yi ta kwararowa daga ƙauyuka. A 1867 wani kamfani na biyu ya fara jigilar ma'aikata daga Virar, can arewa, zuwa cikin gari. Sa'an nan annobar da ɓeraye suka yaɗa a 1896 ta kori mutane da yawa daga cunkoson tsakiyar gari, suka koma zama kusa da tashoshin bayan gari. Tun daga nan duk inda aka kafa tasha, sai unguwa ta tsiro a gefenta.

ZUWAN LANTARKI

Jirgi mai aiki da gawayi yana da nawa wajen tashi, ga shi kuwa tashoshin kusa-kusa suke. Ran 3 ga Fabrairu, 1925, aka fara tafiyar da jirgi da lantarki daga babbar tashar Victoria zuwa Kurla, shi ne na farko a Indiya duka. Layin yamma ya bi sahu a 1928. Wannan ya sa jirgi yakan tsaya na ɗan lokaci kaɗan, ya tashi da sauri, wani kuma ya biyo bayansa nan da nan.

Manyan layuka 3 ne suke riƙe da birnin. Layin yamma yana tashi daga Churchgate, ya bi ta Bandra da Andheri da Borivali zuwa Virar, tafiyar kilomita 60, tun 2013 kuma yana zarcewa har Dahanu. Layin tsakiya yana tashi daga tsohuwar tashar Victoria, wadda aka sake wa suna Chhatrapati Shivaji a 1996, ya bi ta Thane zuwa Kalyan inda ya rabu biyu. Na uku shi ne layin da ke bin gefen tashar jiragen ruwa. A 1992 aka ƙetare da shi ta kan doguwar gada zuwa Vashi, domin a raya sabon garin da aka tsara a ƙetaren ruwa don rage wa tsohon birnin nauyi.

A layin yamma da na tsakiya akwai jirgi iri biyu: mai tsayawa a kowace tasha, da mai sauri wanda ba ya tsayawa sai a manyan tashoshi, kowanne da hanyarsa. Jiragen sukan fara aiki wajen ƙarfe 4 na asuba, ba su hutawa sai bayan ƙarfe 1 na dare. Kuɗin tikiti kuwa yana da araha ƙwarai, mafi ƙanƙanta rufi 5 ne, shi ya sa lebura da akawu da mai sayar da kifi duk suke iya zama nesa da wurin aiki. A kowane jirgi akwai taragun da aka keɓe wa mata, kuma ran 5 ga Mayu, 1992, aka fara tafiyar da jirgi sukutum na mata zalla daga Churchgate zuwa Borivali.

Akwai ma wata sana'a da ta dogara ga jirgin ɗungum. Tun wajen 1890 waɗansu mutane da ake kira dabbawala suke bi gida-gida da hantsi suna karɓar kwanukan abincin da aka dafa, su sa wa kowanne alama, su loda a jirgi, su kai wa mai shi a ofis kafin tsakar rana. Kafin korona sun kai mutum 5,000, suna kai kwano wajen 200,000 a rana. Dalilin sana'ar kuwa shi ne, wanda ya shiga jirgin safe ba shi da hannun riƙe kwano.

ABIN DA BA YA KAN TIKITI

Nan ne labarin ya yi nauyi. Jirgi mai taragu 9, irin na da, an ƙera shi ne don mutum wajen 1,700, amma da safe yakan ɗauki 4,500 ko fiye. Ma'aikatan jirgin sun auna sun ga mutum 14 zuwa 16 sukan tsaya a fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya, wurin da bai kai ƙaramar tabarma ba. Ana barin ƙofofi a buɗe don iska ta shiga, don kuma shiga da fita su yi sauri. Wanda bai sami wuri a ciki ba sai ya maƙale a bakin ƙofa, gwamma haka da ya makara a sallame shi daga aiki.

A shekarar 2023 kaɗai mutum 2,590 ne suka rasa rayukansu a layukan nan, watau wajen mutum 7 kowace rana. Kusan rabinsu jirgi ne ya banke su suna ƙetare layi da ƙafa. Waɗansu faɗowa suka yi daga ƙofa, waɗansu kuma turakun lantarki na gefen hanya ne suka buge su. Kowane ɗaya daga cikinsu akwai gidan da aka yi ta jiransa har abinci ya huce. Da aka kai maganar gaban Babbar Kotun Bombai a 2024, babban alƙalin ya ce shi kansa yana jin kunyar yadda ake jigilar mutane, ya kuma ƙi yarda da uzurin cewa yawan jama'a ne ya jawo.

Waɗansu magungunan ba su da tsada. A wajen 2010, a Wadala, aka lura cewa idon mutum yakan ruɗe shi game da gudun babban abu, ya ga kamar jirgin yana tafe a hankali. Sai aka shafa wa waɗansu daga cikin matasan da ke ƙarƙashin dogon fenti ruwan ɗorawa, don mai ƙetarewa ya ga yadda jirgin yake haɗiye su da sauri. Mutuwa ta ragu a wurin. Waɗansu gyare-gyaren kuwa sai da aka yi hasara tukuna. Ran 29 ga Satumba, 2017, ana ruwan sama, jama'a suka cunkushe a kan wata ƙuntatacciyar gadar masu tafiya da ƙafa a tashar Elphinstone Road, aka tattake mutum 23 har lahira. Bayan haka ne aka hanzarta gina sababbin gadoji, har aka kira sojoji suka taimaka.

MUTANEN BAKIN LAYI

Tun a shekarun 1990 kowa ya san maganin cunkoso shi ne ƙarin layuka, amma ina filin? Dubban talakawa sun kafa bukkoki a bakin dogo, waɗansu har fasinja yana iya taɓa rufinsu da hannu. A irin waɗannan wurare doka ta hana jirgi wuce gudun kilomita 15 a awa, abin da ya jawo jinkiri a layin duka. Hanyar da hukuma ta saba bi ita ce a turo katafila a rushe, mutanen kuma su dawo bayan mako guda don ba su da wurin zuwa.

Wannan karon aka bi wata hanya. Ƙungiyar mazauna unguwannin talakawa, wadda marigayi Jockin Arputham ya jagoranta, tare da ƙungiyar mata masu adashe da ake kira Mahila Milan, suka ce a bar su su ƙidaya kansu. Suka bi bukka-bukka suna rubuta lamba a ƙofa, suka zana taswira, suka tsara wa zai zauna kusa da wa a sabon wuri don kada a raba maƙwabta. A tsakanin 2000 da 2001 mutum wajen 60,000 suka tashi daga bakin layi ba tare da an turo 'yan sanda ba. Wannan ya buɗe hanya ga babban aikin da Bankin Duniya ya ba da rance dominsa a 2002. Duk da haka ba a rasa kuka ba. Waɗansu an kai su nesa da sana'arsu, masu kantuna suka rasa ciniki, har Bankin ya dakatar da biyan wani ɓangare na kuɗin na 'yan watanni a 2006 sai da aka duba ƙorafinsu.

INA AKA DOSA?

An ƙara layuka, an mai da jirage masu taragu 9 zuwa 12, a 2009 kuma aka fara masu 15. An sauya tsarin lantarkin gaba ɗaya zuwa mai ƙarfi, aikin da aka kammala a 2016. Ran Kirsimeti na 2017 aka fito da jirgi na farko mai na'urar sanyaya ɗaki da ƙofofi masu rufe kansu, sai dai tikitinsa ya fi ƙarfin talaka. Tun 2014 kuma ake ta buɗe layukan wani sabon jirgi na cikin gari, waɗansu a kan ginshiƙai, wani a ƙarƙashin ƙasa. Amma duk tarago da aka ƙara, kafin a juya ya cika, domin tsadar haya tana ta tura masu ƙaramin ƙarfi zuwa Kalyan da Virar da gaba da su, aiki kuwa yana nan cikin gari. A watan Yuni 2025 fasinjoji suka faɗo daga jirage biyu da suka gifta juna a wata kwana kusa da Mumbra, aƙalla mutum 4 suka mutu. Sai a sa'an nan hukumar jiragen ta yi alkawarin cewa sababbin taragun da za a ƙera wa birnin duk za su zo da ƙofofi masu rufe kansu.

Birane da yawa sun shiga wannan hanya a baya-bayan nan, har da Legas wadda ta buɗe layinta na farko a 2023. Abin da Mumbai ta koya cikin shekara fiye da 170 yana nan a fili ga mai son ɗauka. A tanadi filin ƙarin layi tun gari bai cinye shi ba. A gina gadar ƙetarewa tare da tasha. A zauna da talakan da aikin zai tasa kafin a turo katafila. Idan kuma hukuma ta zo ba da rahoton miliyoyin da ta ɗauka a shekara, jama'a su tambaye ta mutum nawa ne suka fita da safe ba su koma gida ba.