Wutsiyar Kalma a Jamusanci Ba Ado Ba Ce

Na gaji da wata shawara da ke yawo tsakanin matasanmu masu koyon Jamusanci don neman karatu ko aikin jinya a Jamus: wai ka haddace kalmomi kawai, ka rabu da su der, den da dem, ai Bajamushe zai gane ka. Wannan ganganci ne, kuma ina shakkar mai ba da shawarar ya taɓa zaman jarrabawar B1.

Matsayin suna a jimlar Jamusanci huɗu ne, Nominativ, Akkusativ, Dativ da Genitiv, ga kuma jinsi uku.

Ga inda gizo ke saƙar. Der Hund beißt den Mann, kare ne ke cizon mutum. Den Hund beißt der Mann, karen dai yana nan a farko, amma yanzu mutumin ne ke cizonsa. Sauya r da n kawai ya mayar da mai cizo abin cizo. To, wanne kake so Bajamushe ya gane?

Abin haushi, wai Bahaushe ne ke raki. Kai da kake cewa farin doki, farar riga, fararen dawaki ba tare da tunani ba, wanda in baƙo ya ce "farin riga" sai ka yi masa dariya. Wutsiyoyin sifa a Jamusanci biyar ne kacal: -e, -en, -er, -es, -em. Bayan der, die da das ma biyu ne ke aiki: der alte Mann, den alten Mann, dem alten Mann. Bayan ein, sifar ce ke nuna jinsi: ein alter Mann, ein kleines Kind. In babu komai a gabanta, ita ke ɗaukar kayan duka: mit heißem Wasser.

Kada ka ƙara rubuta suna tsirara a littafinka. Rubuta der Tisch, ba Tisch ba. Kada ka yi cinke kan jinsi, domin yarinya das Mädchen ce, ba die ba. Haddace mit, nach, bei, von, zu, aus da seit tare, duk Dativ suke jawowa. Shi ya sa die Frau ke komawa mit der Frau, ba namiji ta zama ba. Kullum da safe ɗauki suna ɗaya da sifarsa, ka juya su ta matsayi huɗun nan da babbar murya, ko da 'yan gida za su ɗauka ka zautu.

Mai ce maka ka rabu da wutsiya kuwa, ba shi zai biya maka kuɗin sake jarrabawa ba.