Idan Mai Gida Ya Hana Kafa Eriya

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk wanda ya taɓa zaman haya a Agege ko Obalende, ko a Sabo ta Ibadan, ya san dokar mai gida: kada a buga ƙusa a bango, kada a hau kwano. A sababbin unguwanni masu ƙofa da maigadi kuwa, ƙungiyar mazauna ce ke da ta cewa.

Ba wanda dokar nan ta fi ƙuntata wa kamar masu rediyon sha'awa, wato mutanen da kan nemi lasisi su riƙa zantawa da takwarorinsu na nesa a kan gajeren zango, ba don neman kuɗi ba. Lambar kiransu a Nijeriya tana farawa da 5N, a Nijar 5U, a Ghana 9G. A wurinsu rediyo ba eriya, guga ce ba igiya.

Matsalar ba tamu ce kaɗai ba. A 1985 hukumar sadarwa ta Amurka ta umurci ƙananan hukumomi su sassauta wa masu lasisi, amma umurnin bai shafi yarjejeniyar da mai sayen gida ya yi da ƙungiyar unguwarsa ba. Majalisar Wakilai ta amince da ƙudurin gyara a 2016 da 2017, sai dai bai tsallake Majalisar Dattawa ba. Don haka da yawa daga cikinsu suka koma ga eriyar wucin gadi, a kafa da yamma, a naɗe bayan an gama.

To, wace za ka zaɓa? Fara da awon wurin da kake da shi. In ka raba 143 da yawan megahaz ɗin da za ka yi aiki a kai, ka sami tsawon wayar da kake bukata. Megahaz 14 na son kimanin mita 10, megahaz 7 kuwa mita 20.

In akwai bishiya a tsakar gida, siririyar waya ta isa. A raba ta biyu daidai, a haɗa wayar da ta fito daga rediyo a tsakiya, a ɗaga da igiya. In ba bishiya, a nemi doguwar sandar kamun kifi mai zugewa, wadda ba ta ƙarfe ba, a ɗaura mata waya mita 5 a tsaye, a shimfiɗa wasu masu tsawon haka a ƙasa. Wannan ta megahaz 14 ce. Mai baranda kaɗai, sai zoben jan ƙarfe mai faɗin kimanin mita 1. Ba ya cin wuri, amma sai an yi ta saita shi, kuma yakan ɗauki wuta mai haɗari lokacin magana, kada yara su kusance shi.

Wata dabarar Amurkawa ita ce ɓoye waya a ƙarƙashin rufi. A nan ba ta ci, domin kwano yana tare saƙo.

Mai saurare kawai, wanda burinsa ya kamo tashoshin Hausa ya ji labarin gida, ba ya bukatar lasisi. Ya maƙala waya mita 5 zuwa 10 a sandar rediyonsa, ya fitar da ita ta taga, nesa da janareta da cajar waya masu kawo ƙara.

Jama'a, a kiyaye abu biyu. Kada a ɗaga sanda inda za ta iya faɗawa kan wayar lantarki. Kuma da hadari ya taso, a cire waya daga rediyo, domin tsawar daminar Kudu ba ta da wasa.

Daga ƙarshe, kada ka kafa a ɓoye. Je ka gai da mai gida, ka nuna masa babu ƙusa, babu hawa kwano, kuma kafin gari ya waye ka sauke. In ya ƙi, ɗauki kayanka ka tafi fili ranar hutu. Samun ɗaki a Ikko ya fi samun waya wuya, kuma zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.