Ruwan Sama da Sabon Gini

Jama'ar Kamba, ku saurara. Wanda zai gina sabon gida, ya duba inda ruwan sama ke bi tukuna, kāna ya ja katanga. In ka toshe masa hanya, sai ya kwanta ƙofar maƙwabcinka, ya ci gindin bango.

Kududdufin da aka ɗebi ƙasar gini, nan sauro ke ƙwai. Cikin kamar kwana 10 ƙwan ya zama sauro, shi ke kawo zazzaɓin da ke kashe yara.

Saboda haka, maigida, kafin watan Yuni ka yashe rariya, ka gyara indararo, ka cike ramuka. Ka ja ruwan zuwa gindin itace ko rami mai tsakuwa, nesa da rijiya da masai. Kada a zuba shara cikin lambatu.