Gigin Tsufa: Ɓarnar da ke Farawa Tun Ana da Ƙarfi

A gidaje da yawa, idan tsohuwa ta fara maimaita tambaya ɗaya sau biyar kafin azahar, ko ta fita unguwa hanyar gida ta ɓace mata, sai a ce ai girma ne ya zo. Wasu su ce jifa ne, a wasu wuraren ma har a laƙaba mata maita. Abin takaici ne, domin tsufa kaɗai ba ya sa uwa ta kasa gane ɗan cikinta. Ciwo ne, kuma yana barin tabo a ƙwaƙwalwa.

Likitan da ya yi suna wajen bayyana wannan tabo Bajamushe ne, Alois Alzheimer. A 1901 ya fara duba wata mata, Auguste Deter, mai shekara 51, wadda tunaninta ya dagule. Da ta rasu a 1906 ya bincika ƙwaƙwalwarta, ya tarar ta tsuke, ga wasu dunƙule-dunƙule a tsakanin ƙwayoyin jijiya, ga kuma wasu zarurruka da suka cukurkuɗe a cikinsu.

Yau an san ko mene ne su. Ƙwaƙwalwa tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, suna miƙa wa juna saƙo dare da rana. Dunƙulen nan wani furotin ne mai suna amiloid, wanda ƙwaƙwalwa ke samarwa kullum tana kuma kwashewa. Idan kwashewar ta gaza sai ya taru. Zarurrukan kuwa furotin ne da ake kira tau. Aikinsa ɗaure hanyoyin da abinci ke bi a cikin ƙwayar, kamar yadda tanka ke riƙe darni. In ya lalace sai hanyar ta wargaje, saƙo ya tsaya, ƙwayar ta mutu. Su ma ƙwayoyin da ke gadin ƙwaƙwalwa, garin share wurin sai su tayar da kumburi, ɓarna ta ƙaru.

Ɓarnar takan fara ne a yankin hifokamfas, wurin da ake ɗaure sabon tunani. Shi ya sa Iya za ta ba ka labarin ranar aurenta tiryan-tiryan, amma ta rantse ba a ba ta koko da safe ba. Ba rigima take nema ba. Abin bai zauna mata a kai ba tun farko. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, amiloid yakan fara taruwa shekara 15 zuwa 20 kafin kowa ya ga alama.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 ke fama da gigin tsufa, kuma cutar Alzheimer ce sanadin kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari. Mai bi mata ita ce wadda ta fi kusa da mu: lalacewar jijiyoyin jini. Hawan jini da ciwon suga suna cinye ƙananan jijiyoyin da ke shayar da ƙwaƙwalwa, su toshe ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci ba tare da shanyewar ɓarin jiki da za a gani ba. Tsofaffi da dama duka biyun suke ɗauke da su.

Gado yana da tasiri, amma ba shi ne komai ba. Wani bincike da aka soma a 1992 ya kwatanta Yarbawan Ibadan da baƙaƙen fatar Indianapolis a Amurka, ya gano cutar ta fi ƙaranci a Ibadan. A 2024 kuma kwamitin masana na mujallar Lancet ya ƙiyasta cewa kusan kashi 45 cikin ɗari na masu gigin tsufa, ciwon nasu yana da nasaba da abubuwa 14 da za a iya gyarawa, ciki har da hawan jini, shan taba, raunin ji, kaɗaici da ƙarancin karatu.

Har yanzu babu maganin da ke warkar da cutar gigin tsufa. Waɗanda ake da su sassauci kawai suke kawowa. Duk da haka a kai tsoho asibiti, domin ƙarancin bitamin B12 ko ciwon damuwa kan yi kama da ita, kuma su ana magance su. Kai kuma mai karatu, in ka haura arba'in, je ka auna jininka, in an ɗora ka a kan magani kada ka ajiye shi don ka ji sauƙi.