Kada Ka Sayar da Sunanka Naira Dubu Biyu

Wata sabuwar sana'a ta shigo gari, kuma hajar da ake cinikinta sunan mutum ce. Matasa ne ke bin majalisu da gidaje da waya a hannu, suna neman a ba su lambar NIN da BVN, a tsaya su ɗauki hoton fuska, su kuma su miƙa ɗan na cefane. A 2025 hukumar EFCC ta bayyana cewa ana biyan mai lamba tsakanin naira 1,500 zuwa 2,000, daga nan a sayar da bayanansa wajen naira 5,000, a buɗe asusun ajiya da su a manhajojin hada-hadar kuɗi. Asusun da sunanka yake, fuskarka ce a kai, amma ba ka san lambarsa ba, ballantana wanda ke juya shi. Ta cikinsa kuɗin damfara ke bi. Ranar da dubun 'yan damfarar ta cika, suna jami'an tsaro za su bi, kuma naka za su tarar. Sai ka je bayan kanta ka yi musu bayanin cewa kai dubu biyu kawai aka ba ka.

Mutane da yawa har yanzu kallon katin zaɓe suke yi wa lambar NIN, abin da za a jefa a ƙarƙashin katifa sai ranar buƙata. Da can haka ne. An kafa hukumar NIMC mai bayar da NIN tun 2007, Babban Bankin Najeriya ya fito da BVN a 2014, jama'a ba su damu ba. A Disamban 2020 ne aka ce duk layin wayar da ba a haɗa da NIN ba za a rufe shi, aka yi ta turmutsutsu a ofisoshin rajista ana tsakiyar annobar korona. A 2021 JAMB ta ce babu jarrabawa sai da lambar. Fasfo ma haka, rancen karatun ɗalibai ma haka, kuma a ƙarshen 2023 Babban Banki ya ce ko ƙaramin asusu sai an ɗaure shi da BVN ko NIN. Yau layinka da asusunka da karatun ɗanka da tafiyarka Makka duk a jikin waɗannan alƙaluma 11 suke rataye. Katin ATM idan ya ɓata ana sake wani, lambar sirri ana canza ta a minti biyu. NIN kuwa ɗaya ce har kabari, kuma babu ofishin da zai sauya maka fuska ko zanen yatsu.

Ba kowa ake saye da kuɗi ba, wasu da alkawari ake kama su. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 rayuwa ta yi tsanani, sai saƙonnin bogi suka yi ta yawo a WhatsApp da Facebook: gwamnatin tarayya na raba tallafi, an buɗe sabuwar rajistar N-Power, latsa nan ka cike, ka tura wa mutum goma kafin a rufe. Shafin zai fito da tambarin Najeriya da hoton shugaban ƙasa, ya nemi NIN da BVN da ranar haihuwa. Can sai a kira ka da murya mai ladabi, “Ranka ya daɗe, wata lamba ta shigo wayarka yanzu, karanto mana ita mu ƙarasa maka.” Wannan lambar ita ce mabuɗin asusunka, kuma babu ma'aikacin banki ko na gwamnati na gaskiya da zai taɓa tambayarka ita. Adireshin shafukan hukumomin gwamnati da .gov.ng yake ƙarewa. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda ake shiga gidajen aure da sunan “za a sa ku a lissafin tallafi”, a tattara takardun NIN na matan gida da zawarawa da tsofaffi a leda, a fita da su, babu wanda ya tambayi wace hukuma ta aiko.

Sai shagon intanet. Gwamnati ta kwashe ayyukanta ta mayar kan kwamfuta a ƙasar da miliyoyin mutane ba su iya cike fom da Turanci ba, don haka dole a nemi ɗan tsakiya. Yawancin yaran da ke aiki a shagunan nan halal ɗinsu suke nema, ban ce ɓarayi ba ne. Amma duba yadda aikin ke tafiya. Shi zai buɗe maka imel, shi zai zaɓi kalmar sirri, wani lokaci lambar wayarsa zai sa don sauri. Hotonka da takardunka za su zauna a kwamfutar da kowa ke taɓawa, kwafin da inji ya ɓata kuma ya tafi kwandon shara, gobe ka gan shi an ƙunshe gyaɗa da shi. Idan ba makawa sai ka je, ka zauna kusa da shi, lambar wayarka za a sa, kai za ka rubuta kalmar sirri da hannunka ko ɗanka ya rubuta, ka ga an goge komai, ka kwashe takardunka har da waɗanda suka lalace.

Gwamnati ma ba ta tsira ba. A 2024 aka bankaɗo shafukan intanet da ke sayar da bayanan NIN na 'yan ƙasa naira 100 ko 200, har ƙungiyar Paradigm Initiative ta ce ta sayi takardar NIN ta ministan sadarwa kansa. NIMC ta musanta cewa an kutsa rumbunta. To, ko ta ƙofa aka fitar ko ta taga, bayanan dai sun fita, kuma amana ce da aka tilasta wa talaka ya bayar. Akwai dokar kare bayanai da aka sa wa hannu a Yunin 2023, akwai hukumar NDPC da aka ɗora wa aikin. Muna jiran mu ga an gurfanar da masu wannan ciniki da sunayensu, ba sanarwar jan kunne kawai ba. Ba na cikin masu cewa a koma zamanin fayil da na goro, wanda ya taɓa kwana a layin fasfo ba zai yi fatan haka ba. Amma wanda ya tara bayanan mutum sama da miliyan 100 wuri guda, tsaronsu ya hau kansa.

Limamai da masu unguwanni, wannan magana ta kai a faɗe ta bayan sallar Juma'a, domin waɗanda aka fi cuta ba jarida suke karantawa ba. Layin da ka daina amfani da shi kuma kada ka yar ka manta, kamfani zai sake sayar wa wani, saƙonnin bankinka su riƙa zuwa hannun baƙo. Je banki a cire shi. Wanda kuwa ya riga ya ba da NIN ko BVN ɗinsa, kunya ba za ta fisshe shi ba. Ya tafi bankinsa gobe da safe ya nemi a duba asusun da ke rataye da BVN ɗinsa, ya wuce ofishin 'yan sanda ya shigar da rahoto, ya karɓi takarda mai kwanan wata ya adana.