Takalmin gudu mai faifan kabon: Abin da ya kamata a sani kafin a zuba kuɗi

A watan Satumbar 2021, Derara Hurisa na ƙasar Habasha ya riga kowa isa layin ƙarshe a gudun fanfalaki na birnin Vienna. Murnarsa ba ta yi nisa ba. Alƙalai suka auna tafin takalminsa suka tarar kaurinsa ya kai milimita 50, alhali doka ta tsaya a 40. Nan take aka karɓe nasarar aka miƙa wa Leonard Langat na Kenya, wanda ya zo na biyu.

Shekara 61 kafin wannan rana, wani ɗan Habasha, Abebe Bikila, ya lashe zinare a gasar Olympics ta birnin Rome ba ko takalmi a ƙafarsa. Yanzu kuwa takalmi ya zama abin da ake aunawa da ma'auni kamar kayan gwal.

Yadda abin ya faro

Kamfanin Nike ne ya buɗe wannan babi a 2017 da takalmin Vaporfly 4%, wanda aka sa wa farashin dala 250. Lambar da ke jikin sunan ta samo asali ne daga wani gwaji da aka yi a Jami'ar Colorado ta Amurka kan 'yan gudu 18, inda aka gano cewa takalmin yana rage ƙarfin da jiki ke ƙonawa da kusan kashi 4 cikin 100. Wannan ba yana nufin mutum zai ƙara sauri da kashi 4 ba, ribar lokaci ba ta kai haka. Amma a tseren kilomita 42 da mita 195, ko minti biyu ya isa ya raba mai zinare da wanda ba a ambaci sunansa ba.

A ranar 12 ga Oktobar 2019 Eliud Kipchoge ya kammala wannan nisa cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a Vienna, a wani shiri na musamman da ba a lissafa shi a matsayin tarihin gasa ba. Washegari Brigid Kosgei ta karya tarihin mata da Paula Radcliffe ta riƙe tun 2003. Dukkansu da irin wannan takalmi. Surutu ya yi yawa, har hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta fitar da doka a Janairun 2020: kaurin tafi kada ya wuce milimita 40 a tseren kan titi, faifai kuma kada ya wuce ɗaya.

Faifan ne ko soson?

Mutane da yawa suna ɗauka faifan kabon ɗin ne ke cilla mai gudu gaba kamar sifirin. Masana sun fi karkata ga cewa babban aikin na soson da ke tafin ne. Ana yin sa da wani nau'in roba mai suna PEBA, marar nauyi, wanda idan aka taka shi ya lotsa yakan dawo da mafi yawan ƙarfin da aka danna masa. Sai dai soso mai kauri da laushi haka ba ya tsayuwa da kansa. Faifan, wanda aka lanƙwasa kamar cokali aka binne a tsakiya, shi ke riƙe shi, ya hana yatsu lanƙwashewa sosai, ya kuma mirgina ƙafa zuwa gaba.

Saboda haka ganin kalmar kabon a jikin kwali bai isa hujja ba. Takalmi mai faifai da soso na gama-gari katako ne kawai mai tsada.

Kowace ƙafa da nata

A nan ne zaɓi ke yin wuya. Wani bincike da aka wallafa a 2023, wanda ya haɗa da manyan 'yan gudun Kenya, ya nuna bambanci mai ban mamaki: wani ya samu sauƙin da ya kai kusan kashi 11 cikin 100, wani kuma takalmin ya ƙara masa wahala da kusan wannan adadi. Ke nan takalmin da Kipchoge ya yi suna da shi yana iya zama kaya a ƙafar wani.

Kamfanonin ma sun san da haka. Asics ya raba nasa gida biyu: Metaspeed Sky domin masu ƙara sauri ta hanyar buɗe taku, da Metaspeed Edge domin masu yawaita taku. Adidas kuma, a jerin Adios Pro, ya yi amfani da 'yan sanduna da ke bin layin ƙasusuwan ƙafa maimakon faifai guda. Alphafly na Nike yana da jakunkunan iska biyu a gaba, wasu na jin daɗin tsallen da yake ba su, wasu kuma na kukan cewa yana rawa a kan kwana.

Sauri ma yana da tasiri. Gwajin da aka yi kan masu gudun kilomita 10 zuwa 12 a awa ya nuna ribar ta ragu zuwa wajen kashi 1 cikin 100. Wanda ke shafe awa huɗu da rabi ko biyar a hanya, kamar da yawa daga cikin masu shiga gasar Legas da ake yi duk shekara tun 2016, ya fi buƙatar takalmin da zai riƙe masa idon sawu bayan gajiya ta kama shi. Dogon tafi mai laushi da siririyar dunduniya ba ya yafe wa wanda takunsa ya fara karkacewa, balle a hanya mai ramuka ko tsakuwa.

Akwai kuma batun rauni. A 2023 likitocin wasanni sun ba da rahoton 'yan gudu biyar da suka samu tsagewar wani ƙaramin ƙashi a tsakiyar ƙafa suna amfani da irin wannan takalmi. Mutum biyar ba su isa a yanke hukunci ba, amma masu horarwa na ba da shawarar a saba da shi sannu a hankali, a riƙa sa shi a wasu ranakun atisaye masu sauri, kada a fara ɗaura shi ranar gasa.

Lissafin aljihu

A Satumbar 2023 Tigst Assefa ta Habasha ta kafa tarihi a Berlin da awa 2 da minti 11 da daƙiƙa 53, sanye da Adizero Adios Pro Evo 1. Nauyinsa giram 138, farashinsa a lokacin dala 500, kuma an ƙera shi ne domin tsere ɗaya da ɗan atisayen sabawa. Sauran ba su kai haka saurin mutuwa ba, amma robar ƙasansu siririya ce, soson kuma yana rasa tsallensa tun takalmin bai nuna tsufa a ido ba.

Wannan ne tarkon da ke cikin gwanjo. Takalmi na iya zuwa fes, launinsa na ƙyalli, alhali mai shi na farko ya riga ya shanye ruwan soson. Mai saye zai iya duba gefen tafin: idan ya yi tamoji masu zurfi, ko ya karkata gefe ɗaya idan an ajiye shi a kan tebur, an gama da shi. Jabu kuma sun cika kasuwar intanet, wasu da faifan roba a madadin kabon. Na gaske ba ya naɗuwa a hannu, duk yadda aka matsa shi.

Kamfanonin China irin su Xtep da Li-Ning sun shigo da nasu a farashi mai sauƙi, kuma manyan 'yan gudu na sa su a gasa. Wanda ke neman kyauta ko tarihi a tseren da hukumar duniya ta amince da shi, kamar na kilomita 10 na Okpekpe a jihar Edo, sai ya duba ko sunan takalminsa na cikin jerin waɗanda hukumar ta halatta, wanda take wallafawa a shafinta tana kuma sabunta shi lokaci zuwa lokaci.